Ruwan sama a gari: ina ruwan manomi?

Darasinmu na wannan karo ya bar gona ya shiga gari. Wani zai ce: ina ruwanmu da gari, mu da muke ƙauye? To, ku yi haƙuri ku karanta. Da yawa cikinmu muna da ɗa ko ƙane da ya yi gida a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Wasu gari ya riga ya iso bakin gonarsu, masu awon fili sun fara kafa turaku. Wasu kuma garkarsu tana ƙasan gari, duk ruwan da gari ya zubo a kanta yake sauka. Har ƙauyen da muke ciki ma, idan yana da kasuwa da hanyar mota, to shi ma gari ne mai tasowa.

A karanta wannan darasi a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Akwai ɗan lissafi a ciki, sai a tanadi alli da allo, ko a share ƙasa a rubuta da tsinke.

Abin da ya faru a Maraɗi

Tsofaffin Maraɗi sun san garin ba a inda yake yanzu aka fara kafa shi ba. Tsohon gari yana cikin fadama ne, kusa da gulbi. A shekarar 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci garin. Sai aka tashi mutane aka mai da su bisa tudu, aka shata sababbin tituna miƙaƙƙu. Mutane suka ce to, mun rabu da ruwa.

An rabu da ruwan gulbi. Amma akwai wani ruwa da hawa tudu ba ya raba ka da shi, shi ne wanda yake saukowa daga sama bisa rufin ɗakinka. A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi ba su kai 50.000 ba. A 1988 sun wuce 100.000. A ƙidayar 2012 sun kai wajen 267.000. Kowane magidanci da ya ƙaru, an ƙara rufi, an ƙara katanga, an share wani fili da dā gonar hatsi ce.

Ranar 30 ga watan Agusta na 2024 aka yi ruwa a Maraɗi wanda ya kai milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi. Gidaje suka faɗi, mutum 15 suka rasu. A damanar nan ta 2024, cikin ƙasar Nijar duka, kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi kuma ruwa ya yi musu ɓarna. A Damagaram tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe a farkon watan Satumba. Ruwa ya yanke babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Doso. Sai da aka ɗage komawar yara makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba, don mutanen da gidajensu suka faɗi suna kwance cikin azuzuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ruwa irin na ranar nan ko'ina ya sauka zai yi ɓarna, wannan gaskiya ne. Amma ku tambayi mazauna unguwannin da ke gangare. Za su gaya muku ko ruwa matsakaici aka yi, sai titinsu ya zama ƙorama. Wannan shi ne abin da ya kamata mu gane dalilinsa.

Mu yi lissafi

Kuna jin rediyo yana cewa an samu milimita kaza a gari kaza. Mene ne milimita ɗaya ta ruwa? Ku auna fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, kamar rabin tabarma. Idan aka yi ruwa na milimita ɗaya, to lita ɗaya ce ta zuba a wannan ɗan fili. Milimita 10, lita 10. Milimita 30, lita 30. Ku riƙe wannan, shi ne mabuɗin darasin.

Yanzu ga gida mai rufin kwano, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5. Goma sau biyar, hamsin. Wato rufin yana da irin ɗan filin nan guda 50. Aka yi ruwa na milimita 30, ruwan da manomi zai ce alhamdu lillahi, gobe sai shuka. Hamsin sau talatin, 1.500. Lita 1.500 ke nan ta zubo daga rufin gida ɗaya tak. Idan aka ɗura ta a jarka mai lita 25, jarka 60 ce. Idan a ganga ce, wadda wasu ke kira tano, mai cin lita 200, to ganga bakwai da rabi.

A ƙasar Maraɗi, shekara matsakaiciya tana kawo wajen milimita 500. Hamsin sau ɗari biyar, lita 25.000, wato ganga 125 daga wannan rufi kaɗai. Ku tuna nawa ake sayar da jarka ɗaya a watan Afrilu, lokacin da mata ke bin layi a famfo tun asuba. Gidan da ya kori ganga 125 ta rariya da damana, shi ne yake sayen ruwa da bazara.

Hekta ɗaya kuwa, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, ruwan milimita 30 yana zuba masa lita 300.000, ganga 1.500. Ruwan da aka yi a Maraɗi ranar 30 ga Agusta ya ninka wannan sau biyar: ganga 7.500 a kowace hekta, cikin lokacin da bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

Gari fako ne babba

Idan ruwan nan ya sauka a gonar jigawa mai kara da ciyawa da itatuwa, ƙasa za ta shanye mafi yawansa. Ganye yana tare ɗigon ruwa, ya rage masa ƙarfi. Kara da ciyawa suna hana shi gudu. Saiwa da ramukan gara suna buɗe masa hanya zuwa ƙasa. Bayan wata biyu ko uku sai ka same shi cikin rijiya.

Idan kuwa a fako ya sauka fa? Kowane manomi ya san fako. Ƙasa ce da ta yi ɓawo, ta taurare kamar daɓe. Ruwa yana sauka a kanta, ya taru, ya gudu, ko ɗanyen taki ɗaya ba ya bari. Masana da suka daɗe suna auna kogin Isa sun lura da wani abin mamaki. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ƙoramu ke kaiwa kogi ya ƙaru. Dalili shi ne daji ya mutu, ƙasa ta zama fako, ruwa ya daina nutsewa. Shi ya sa jan ruwan da ke isa Yamai a watannin Agusta da Satumba ya yi ƙarfi, har a 2012 da 2020 ya haura shingen da aka yi masa ya shiga unguwannin bakin kogi da gonakin shinkafa.

To, gari fako ne wanda mutum ya yi da hannunsa. Rufin kwano ba ya shan ruwa. Daɓen siminti ba ya sha. Kwalta ba ta sha. Har titin ƙasa, da yake ƙafa da amalanke da mota sun daddaɓe shi, ɗan kaɗan yake sha. Tsakar gida kuma kullum ana share ta ƙal, ba a barin ko tsinke. Kowane gida yana da rariya a gindin katanga, aikinta ta fitar da ruwa waje da sauri. Gida ɗari suka zubo a titi ɗaya. Titi goma suka haɗu a gangare ɗaya. Ruwa idan ya yi yawa ya yi gudu, sai ya fara ɗibar yashi. Wurin da ya ɗiba ya zama ɗan rami, baɗi ya zama kwazazzabo, shekara ta uku ya ci katangar wani.

Ku lura da kyau: kwazazzabo daga ƙasa yake hawowa sama. Bakinsa na sama, inda ruwa ke faɗawa, shi ne yake ɓarkewa yana ja da baya. Saboda haka mai gida a kan tudu kada ya ce ba ruwansa. Ruwan da ya tura wa maƙwabcinsa na ƙasa, ramin da ya haƙa yana tahowa wajensa sannu a hankali.

Yashin da ruwa ya kwasa kuma ba ɓacewa yake ba. Yana sauka cikin fadama, ya binne ƙasar garka mai kyau, ya cike tabki, ya toshe rijiyar lambu. Tare da shi akwai leda, da kwalba, da ƙazantar salga. Mai garka a ƙasan gari shi ne yake karɓar wannan kaya, alhali bai gina ko ɗaki ɗaya a gari ba.

Hanyar ruwa da wurin kwanansa

Kafin a yi gari, ruwa yana da hanyarsa, yana da masaukinsa. Hanyarsa ita ce kwari da ƙorama. Masaukinsa shi ne tabki da fadama. Kakanninmu sun ƙara masa wani masauki ba da niyya ba: kududdufin da ake haƙa ƙasar gini. Kowane tsohon garin Hausa yana da kududdufai, ruwan unguwa a cikinsu yake taruwa, ya nutse a hankali, a buga tubali da shi, dabbobi su sha.

Da fili ya yi tsada sai aka fara cike su da shara. In sun cika, a zuba ɗan yashi bisa, a yanka fegi, a sayar. Ana sayar da irin wannan fili da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, kuma yawanci baƙo ne yake saye, wanda ya zo daga ƙauye da ƴan kuɗin wake ko na rago, ya ga fili da araha. Ya yi gini, ya tare da iyalinsa. Watan Agusta ruwa ya dawo masaukinsa, ya tarar da ɗaki. Ruwa ba ya karanta takardar fili.

A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Wanda ya san wuri tabki ne ya sayar wa ɗan'uwansa a matsayin filin gida, ya ci amana. Kuma ba mutanen birni kaɗai ke yin haka ba. Manoman da gari ya iso gonarsu, wasu suna sayar da tudu da kwari a farashi ɗaya, ba su ce komai ba. Idan gonarka za ta shiga yankan filaye, kai ne ka fi kowa sanin inda ruwa ke bi da inda yake kwana, don kai ka noma ta shekara da shekaru. Ka faɗa wa mai gari, ka faɗa wa masu awo, ka nemi a bar wurin a rubuta shi cikin takarda cewa hanyar ruwa ce. In kun je ku da yawa, da mai gari a gaba, maganarku ta fi nauyi a ofishin magajin gari.

Mai neman sayen fili kuma, ga shawara: kada ka saya sai ka gan shi da damana. In ba za ka iya jira ba, duba ƙasar. Baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, ruwa yana kwana a kanta. Bagaruwa da yawa a wuri ɗaya alama ce ta wurin ruwa. Dubi katangun maƙwabta, ko akwai zanen da ruwa ya bari a jikinsu. Ka tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin, kada ka tambayi dillali.

Magudanar siminti ba ta isa ba

Da an yi ambaliya sai ka ji ana cewa gwamnati ta gina magudanan ruwa. Magudana tana da amfani, kuma babban gari ba ya yi sai da ita. Amma tana da tsada ƙwarai, gari kuma yana girma da sauri fiye da yadda ake gina ta. Sannan a ƙasarmu mai yashi, wata takwas na rani iska tana cika ta da rairayi, mutane su ƙara da shara da leda. In ba a yashe ta ba kafin ruwan fari, to kamar ba a gina ta ba. Kuma ko ta yi aiki daidai, me take yi? Tana ɗaukar ruwa daga wannan unguwa ta kai shi waccan da ƙarfi. Inda bakinta ya ƙare, in ba a jera duwatsu an dasa ciyawa ba, nan sabon kwazazzabo yake farawa.

Mu manoma mun san wata dabara. A ƙasar Adar, tun kakanni ana jera duwatsu a gicciye bisa gangare, abin da ake kira gandari. Ana haƙa tassa a fako a zuba taki a shuka hatsi. Ana yin rabin wata, bakinsa yana kallon tudu, ya tare ruwa. A Keita, daga 1984, da irin waɗannan ayyuka aka raya dubban hektoci da suka mutu, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da kansu. Duk dabarun nan manufarsu ɗaya: a rage wa ruwa gudu, a baza shi, a bar shi ya nutse a inda ya sauka. Abin da ya yi wa fakon daji magani, shi ne zai yi wa fakon gari.

Aikin cikin gida

A fara daga indararo. A sa ganga ko babbar randa a ƙarƙashinsa. Ruwan farko da ya wanke ƙura da kashin tsuntsu a bar shi ya zube, na bayansa a tara. Ya yi wanki, ya yi wanka, ya yi ban ruwan dabbobi. In za a sha sai an tafasa ko an sa maganin tsabtace ruwa. A rufe bakin ganga kullum saboda sauro, kuma saboda ƙananan yara.

Ganga ɗaya ba za ta ɗauke lita 1.500 ba. Sauran sai a ba ƙasa. A zaɓi wuri a tsakar gida, nesa da gindin katanga da ɗaki kamar taki huɗu ko biyar, don danshi shi ne ajalin ginin ƙasa. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya. A cika shi da duwatsu ko fasassun bulo, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, a rufe da tsakuwa. A ja ɗan lambatu daga indararo zuwa ramin. Kada a yi shi kusa da salga, kada a yi shi a bakin rijiya. A ƙasar jigawa ruwan zai nutse cikin ƴan sa'o'i. In an ga ruwa yana kwana fiye da kwana biyu, to ƙasar laka ce ko kuwa akwai dutse kusa, ramin bai dace da wurin ba, sai a cike shi. Sauro yana buƙatar wajen mako ɗaya zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa tashi, saboda haka ruwan da ya nutse cikin kwana biyu ba ya haifar da sauro.

Wanda ba shi da ƙarfin haƙa rami, ya yi ɗan kwano mai faɗi a gindin icen da ke gidansa, kamar rabin wata, ya karkato ruwa can. Uwargida ta samu wurin zogale da kuɓewa da yakuwa. Kuma wanda Allah ya hore masa siminti, kada ya daɓe tsakar gida duka. Ya daɓe wurin zama da wurin wanke-wanke, ya bar saura ƙasa.

Salga ma tana cikin lissafi. A ɗaga bakinta sama da ƙasa, don kada ruwa ya shiga ya fito da abin da ke ciki. Cutar amai da gudawa da ta kama mutane a jihar Maraɗi a 2018 da 2021, da damana ta yi ƙarfi, kuma ta ruwan da ƙazanta ta shiga take yaɗuwa.

Itace

Ice ɗaya a gari yana aikin mutum uku. Ganyensa yana tare ruwa, saiwarsa tana riƙe ƙasa tana buɗe ta, inuwarsa tana sanyaya gida da kasuwa a watan Afrilu da Mayu. Shugabannin farko sun gane wannan. Daga 1965 aka fara dasa wani babban daji kewaye da Yamai, yawancinsa dogon yaro, wanda ya kai wajen hekta 2.500, don ya tare iska da ƙura ya riƙe ƙasa. Tun 1975 ake dashen itatuwa kowace ranar 3 ga watan Agusta. A 1984 kuma a Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. Amma dajin nan na Yamai, da gari ya girma, an ci babban ɓangarensa: an sare, an yanka filaye, an zuba shara. Dashe ba shi ne mai wuya ba. Tsarewa ita ce aiki, musamman idan ƙasar da ice ke tsaye a kanta ta yi kuɗi.

A nan mutanen ƙauye sun fi na birni abin nunawa. Daga wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a gyara su a bar su. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Da wannan dabara aka raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan biyar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. To, gonakin da gari ke ci yanzu, su ne waɗannan gonaki masu gawo da kalgo da aduwa da magarya. Abin takaici, ranar da aka sayar da gona, abu na farko da ake yi shi ne a kira mai gatari. Icen da ya shekara ashirin yana girma ya faɗi da hantsi ɗaya, sannan mai sabon gida ya je ya sayo ɗan dashe mai tsawon kamu ɗaya, akuya ta cinye shi kafin sati. In ice bai tsaya daidai inda za a yi ɗaki ba, a bar shi. Wanda ya faɗo a kan titi ko filin makaranta ko na masallaci, a roƙi masu awo su kewaye shi.

Wajen sabon dashe, kowane ice da wurinsa. Dogon yaro yana da inuwa, yana jure fari, ya dace da bakin titi da kasuwa da makaranta, amma a nisanta shi da katanga. Bagaruwa tana jure tsayuwar ruwa, ta dace da bakin tabki. Turare yana shan ruwa da yawa, ya yi kyau a wurin da ruwa ke damun mutane, amma kada a sa shi kusa da rijiya ko garka. A gefen kwazazzabo kuwa ciyawa ta fi ice saurin aiki: gamba da jema suna da saiwa mai kama ƙasa, a dasa su layi-layi a gicciye. Aguwa ma tana yin shinge mai kyau, reshe kawai ake yankewa a kafa. A bakin kwazazzabo na sama a jera duwatsu, in da hali a ɗaure su cikin ragar waya. Kada a zuba shara a ciki da sunan cikewa. Ruwan farko zai kwashe ta ya kai fadama.

Kuma a dasa ice cikin ɗan kwari, kada a tara masa ƙasa kamar kunya. Sau da yawa mukan ga an kewaye ɗan ice da bulo a bakin titi, an ɗaga ginin sama, ruwa yana wucewa ta gefensa, shi kuma yana mutuwa da ƙishirwa. A bar ƙofa ta wajen tudu, ruwan titi ya shiga.

Tabki a tsakiyar gari

Wasu za su ce tabki cikin gari ai gidan sauro ne, kuma yara suna faɗawa. Maganarsu tana da gaskiya. Tabkin da aka mai da juji, cike da leda da ruwan wanka, cuta ne. Amma cike shi ba ya kawar da ruwa, sai dai ya raba shi cikin gidajen mutane. Abin da ya kamata shi ne a tsare shi. A hana zuba shara. A yashe shi da rani, yashi da lakar a yi tubali da su. A kewaye shi da itatuwa da shinge, a bar mashiga ɗaya ko biyu marasa santsi. A yi masa mafita ta wajen gangare, don in ya cika ya san inda za shi. Tabkin da yake daɗewa da ruwa ana iya zuba masa kifi, kifi kuma yana cin ƴaƴan sauro. In ruwa ya ja, bakinsa ya zama garka: salati, tumatir, kabeji, albasa, ga kasuwa kusa. Garin da ke kan dutse kamar Damagaram, wanda ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan sha, bai kamata ya yi wasa da wurin da ruwa ke taruwa ba.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, aikin gayya ne. A zamanin samariya, cikin shekarun 1970 da 1980, matasan unguwa sukan fito da kiɗa su share titi su yashe magudana. Yau akwai ƙungiyoyin mata, da na matasa, da na masu garka, ga masu unguwa da limamai. Lokacin aikin shi ne watan Mayu, kafin hadari ya fara haɗuwa, kafin kuma kowa ya tafi gona.

Aikin da za a yi bayan karatu

Kowa ya auna rufin ɗakinsa da taki ko da igiya, tsawo da faɗi. Ya lissafa lita nawa zai zubo idan aka yi ruwan milimita 20, sannan na milimita 50. Ya mai da su jarka.

Ranar da aka yi ruwa mai yawa, da zarar ya ɗauke, ku fita ku uku ko huɗu. Ku fara daga wuri mafi tudu a garinku, ku bi ruwa da ƙafa har inda ya tsaya. Ku zana hanyarsa a takarda. Ku sa alama inda ya fara cin ƙasa, da inda ya kwanta, da gidan da ya fi kusa da shi, da itatuwan da ke bakin hanyarsa.

Ku tambayi tsofaffi: kududdufi nawa garin nan yake da su lokacin da suke yara, nawa suka rage, me aka gina a wurin waɗanda suka ɓace? Ku rubuta amsar, ku kai wa malamin karatunku, a karanta ta gaban mai gari ranar taro. Waɗanda suka yi zane mai kyau su aiko mana da shi gidan rediyo, tare da sunan garinsu da yawan milimitar da aka samu a ranar, in akwai ma'aunin ruwan sama kusa da su.